Risibar Sauti Daga Amurka a Falon Wani Gida a Tarauni: Nazarin Haɗin Wuta, Hoto da Murya

Gidan da kayan da ke cikinsa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana unguwar Tarauni a birnin Kano. Maigidan dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma yawancin zamansa na yamma a falo yake yin sa, tsakanin labarai, tafsiri da ƙwallon ƙafa. Tun asali kukansa ɗaya ne, wato ba ya jin magana sosai daga talabijin. Idan ya ƙara murya sai kiɗa da ihun 'yan kallo su cika falon, maganar mai sharhi kuwa tana nan a dushe kamar daga bayan labule ake yin ta. Wannan ne ya sa babban ɗansa ya ƙudiri aniyar haɗa masa abin da ake kira sinimar gida, inda sauti ke fitowa daga sifikoki biyar da wufa ɗaya, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri.

Tsawon falon mita 6.5 ne, faɗinsa mita 4.5, daɓensa na tayil ne, kuma akwai tagogi biyu masu labule mara kauri. Kayan da aka tarar a ciki su ne talabijin mai inci 55 mai nuna hoton 4K wanda aka saya a 2022, dikodar dish, wani ɗan akwatin kallo ta intanet, tsohuwar na'urar DVD mai wayoyi uku (rawaya, ja da fara) wadda maigidan ke kallon faya-fayen tafsiri da ita, sai kuma ƙananan sifikoki biyar da wufa ɗaya da suka rage daga wani tsohon saiti da injinsa ya daɗe da mutuwa.

A Kano idan aka ce risiba, mafi yawan mutane akwatin dish suke nufi. A wannan rubutu akwatin dish shi ne dikoda, risiba kuwa ita ce babbar na'urar da ake jona wa dukkan kayan kallo, ta karɓi hoto da sauti, ta miƙa hoton ga talabijin, ta rarraba sautin ga sifikoki bayan ta ƙara masa ƙarfi. Wadda aka sayo 'yar Belgium ce, wato ta hannu, daga wani shago a Sabon Gari, ƙirar 2012, tana da mashigar HDMI (wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare) huɗu da mafita ɗaya mai alamar ARC (hanyar dawo da sauti daga talabijin). Ta zo da rimot, amma babu littafinta, babu kuma ɗan makirufon da ake saita sauti da shi. A bayanta akwai rubutu guda uku da babu wanda ya tsaya karantawa a ranar saye: bolt 120 da 60Hz, wat 480, sannan kusa da wurin ɗaura wayoyin sifika an rubuta om 6 zuwa 16, om kuwa shi ne ma'aunin tirjiyar da sifika ke yi wa wuta.

Nuwamba 2023: ranar da aka fara jona ta

A makon ƙarshe na Nuwamba aka kawo risibar gida. Fuloginta mai ƙafa biyu ne masu faɗi irin na Amurka, don haka aka nemo adafta aka cusa a soket ɗin bango. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kusan ninkin abin da aka ƙera na'urar a kai. Kafin a taɓa maɓallin kunnawa aka ji ƙara kaɗan, warin ƙonewa ya biyo baya.

Mai gyaran da aka kai wa ya tarar fiyus ya tsinke, ƙaramar taransifomar da ke riƙe na'urar a shirye ita ma ta ƙone. Babban ɓangaren ƙara sauti bai taɓu ba, domin wuta ba ta kai gare shi sai an kunna na'urar. Ya sauya abubuwan biyu, ya kuma ce a sayi taransifomar rage wuta. An sayi mai wat 300, wadda ita ce mafi sauƙin kuɗi a shagon da aka je.

Disamba 2023: haɗin farko da gyare-gyaren da ba su ci ba

Ranar 9 ga Disamba ɗan maigidan da wani abokinsa suka yi haɗin farko, kuma sun bi tsarin da aka fi sani: dikoda da akwatin intanet suka shiga risiba ta HDMI, na'urar DVD ta shiga da wayoyinta uku, waya ɗaya ta HDMI ta fita daga risiba zuwa mashiga ta 1 a bayan talabijin. Suka ɗaura tsofaffin sifikokin biyar da wata siririyar waya mai ja da baƙi, suka yanke kan wayar wufa suka haɗa mata kan da zai shiga ramin wufa na risibar. Dukkan kayan, har da taransifomar, aka jera su cikin kabad ɗin katako mai ƙofar gilashi, dikoda a bisa risiba.

Dikoda kaɗai ce ta fito da hoto da sauti yadda ake so. Akwatin intanet ya ƙi wuce hoton 1080p, wanda bai kai 4K kaifi ba, kuma da aka tilasta masa 4K sai fuskar talabijin ta yi baƙi. DVD ta ba da murya babu hoto. Idan aka buɗe YouTube daga cikin talabijin kansa, sifikokin sai su yi tsit. Wufa ba ta ce uffan ba. Abin da ya fi damun mutanen gidan shi ne da zarar an ɗaga murya ta kai rabi, ba a cika minti 20 sai risibar ta kashe kanta, wata kalma ta gargaɗi ta bayyana a fuskarta.

Cikin makonni uku aka gwada magunguna huɗu. An sauya wayar HDMI sau biyu, ta biyun mai kai ruwan zinare ce kuma mai tsada, amma ba a ga bambanci ba. An mayar da risibar wurin mai gyara, ya jona ta da sifikokin shagonsa biyu ta yi awa uku tana kiɗa ba ta mutu ba, ya ce lafiyarta ƙalau. An sayi sabon rimot bisa zaton cewa tsohon ne ke aika umarnin kashewa. Daga ƙarshe wani ya ba da shawarar a cire sashen kariyar da ke kashe ta, a haɗa shi kai tsaye. Maigidan ya ƙi, yana cewa tun da ta taɓa yin hayaƙi sau ɗaya ba zai yarda a cire mata abin da ke tsare ta ba. Daga nan aka zare fuloginta, aka koma sauraron talabijin yadda aka saba.

6 zuwa 12 ga Janairu 2024: warware komai da yin awo

Ranar Asabar 6 ga Janairu aka kira ni, saura mako guda a fara gasar cin kofin Afirka a ƙasar Kwaddibuwa. Bayan mun gaisa maigidan ya ce, "Malam, ni ba kiɗa nake nema ba. So nake idan mutum ya yi magana in ji abin da ya faɗa." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, za mu kai can, amma sai mun warware duk abin da aka ɗaura, mu riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya." Muka cire kowace waya, muka manna mata takarda mai sunan inda ta fito.

Da wuta aka fara. Na bar wa ɗansa mitar awo, ya riƙa rubuta abin da soket ke bayarwa safe, rana da dare har kwana uku. Mafi ƙanƙanta shi ne bolt 188 da misalin ƙarfe 8 na dare, mafi girma 236 da asuba. Taransifomar rage wuta ba ta daidaita komai, rabi kawai take yi, saboda haka a lokacin da bango ke ba da 188 abin da ke isa ga risibar bai wuce 94 ba, kuma a daidai wannan lokaci ne ake zaman kallo. Ban da haka, taransifoma mai wat 300 aka ɗora wa na'ura mai neman 480, shi ya sa bayan rabin awa ba a iya barin hannu a jikinta. Aka sayo mai wat 1000, aka sa sitabilaiza a gabanta, irin mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan an kawo ta. Daga nan abin da ke shiga risibar ya tsaya tsakanin bolt 109 da 114.

Da aka mayar da tsofaffin sifikokin aka ɗaga murya, risibar ta sake mutuwa, sai dai wannan karon ta kai minti 35. Muka juya sifikokin, ga rubutu a bayan kowace: om 3. Mita ta nuna 2.6. Gwargwadon ƙanƙantar om ɗin sifika, gwargwadon yawan wutar da take ja daga injin, don haka sifika mai om 3 tana jan ninkin abin da mai om 6 ke ja idan murya ɗaya aka ba su, kuma guda biyar ne a lokaci guda. Irin waɗannan ƙananan sifikoki an ƙera su ne domin injin da suka zo tare da shi. Wannan ya bayyana abin da ya faru a shagon mai gyara, inda sifikoki biyu masu om 8 kaɗai aka ɗora mata.

Akwai kuma abu na uku da sai da muka haska fitilar waya muka gan shi. A bayan risibar, wurin sifikar dama ta baya, silin waya guda ɗaya mai kaurin gashin kai ya zame daga jan maɗauri ya kwanta dab da baƙin. Ba ya taɓawa a koyaushe, amma idan kabad ya girgiza da ƙarar sauti yana iya taɓawa, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta sa na'urar ta kashe kanta nan take.

Kuɗin da ke hannu bai kai a sayi sifikoki biyar da wufa a lokaci ɗaya ba, sai aka yanke shawarar fara sayen uku masu om 8: hagu, dama da ta tsakiya. Ta tsakiyar ita ce ke ɗauke da mafi yawan magana a tsarin sauti na 5.1 (sifikoki biyar da wufa ɗaya), don haka ita ce ta fi kusa da buƙatar maigidan. A cikin saitin risibar aka nuna mata cewa babu sifikokin baya kuma babu wufa, domin ta mayar da sautinsu ga na gaba. Ta yi awa huɗu tana aiki da murya sama da rabi ba ta mutu ba.

13 zuwa 20 ga Janairu: raba hanyar hoto da ta sauti

Matsalolin hoto guda biyu asalinsu shekarun na'urar ne. Risibar ƙirar zamanin HDMI 1.4 ce, wanda ya fito a 2009, kuma ko da na'urar wannan zamani ta iya wuce da 4K, ba ta haura hoto 30 a daƙiƙa. HDMI 2.0 mai ɗaukar 4K a hoto 60 sai a 2013 ya zo. Bugu da ƙari, manhajojin fina-finai ba sa sakin 4K sai kowace na'ura da ke kan hanya tana da tsarin kariyar kwafi na HDCP 2.2, wanda risibar 2012 ba ta da shi. Akwatin intanet yana tambayar abin da ke gabansa, ya ji amsar tsohuwar na'ura, sai ya sauko zuwa 1080p. Babu wayar da za ta sauya wannan amsa komai tsadarta. DVD kuwa hotonta na tsohon tsari ne da ke bin wayar rawaya, kuma wannan risiba ba ta juya irin wannan hoto ya fita ta HDMI, ko da yake akwai manyan da ke yin haka.

Saboda haka aka juya tsarin. Dikoda, akwatin intanet da DVD duk suka koma bayan talabijin kai tsaye, aikin risiba ya zama karɓar sauti daga talabijin kaɗai. Nan take akwatin ya ba da 4K, hoton faya-fayen tafsiri ya dawo.

Hanyar da sauti zai koma ga risiba ita ce ARC, wato dabarar da ke ba wayar HDMI damar dawo da sauti daga talabijin. Sharuɗɗanta uku ne, kuma a haɗin Disamba ba a cika ko ɗaya ba. Dole wayar ta shiga mashigar da aka rubuta wa ARC, wadda a wannan talabijin ita ce ta 2, alhali a ta 1 aka sa ta. Dole a kunna a ɓangarorin biyu tsarin CEC, wato hanyar da na'urori ke aika wa juna umarni ta wayar HDMI, wanda kowane kamfani ke ba shi nasa suna: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Sannan dole a umarci talabijin ya daina amfani da sifikarsa ta ciki. Da aka cika su sauti ya zo, amma fuskar risibar ta nuna PCM mai layi biyu, wato sautin hagu da dama kawai. Sai da aka shiga saitin sautin talabijin da na dikoda aka zaɓi Dolby Digital, tsarin da ke iya ba kowace sifika nata layin, kafin fitilar layuka da yawa ta kama a shirye-shiryen da ke ɗauke da shi. Ga shirye-shiryen da ke zuwa da layi biyu kawai, kamar yawancin labarai da tafsiri, aka sa risibar a kan Dolby Pro Logic II, wanda ke tattara muryar da ke daidai a hagu da dama ya kai ta sifikar tsakiya.

Da wannan haɗi aka kalli wasan Najeriya da Ikwatoriyal Gini ranar 14 ga Janairu, wanda aka tashi 1 da 1. Maigidan ya ce ya ji sharhin tun daga farko har ƙarshe.

Cikin kwana shida da suka biyo baya sai wata sabuwar matsala ta fito. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ko aka dawo da ita aka juya, sautin ba ya komawa risiba da kansa. An ƙirga sau 11 na sauyin wuta, a 7 daga ciki sai da aka zare fulogin talabijin da na risiba aka sake jonawa. Dalilin shi ne ARC ya dogara da gaisuwar da na'urorin biyu ke yi ta CEC yayin tashi, ga shi talabijin na tashi nan da nan, risiba kuwa tana jiran jinkirin sitabilaiza. An kashe CEC a akwatin intanet don rage masu magana a layin, abin ya ragu amma bai gushe ba. Aka bar shi haka na ɗan lokaci, tare da koya wa yaran gidan tsarin kunnawa: risiba tukuna, talabijin daga baya.

Fabrairu 2024: wufa, sifikokin baya da gurnani

A farkon Fabrairu aka sayo sauran kayan. Tsohuwar wufar ba ta lalace ba, amma irin wadda ba ta da injin kanta ce, ramin wufa na risibar kuwa sigina mara ƙarfi yake fitarwa, wanda aka tanada domin wufa mai nata injin da nata fulogi. Irin wannan aka saya, mai aiki da bolt 230.

Wayar sifikokin baya za ta bi gefen bango tsawon mita 14. Siririyar wayar da aka yi amfani da ita a Disamba kaurinta milimita murabba'i 0.5 ne, kuma da na kankare silinta da reza sai jan ya tafi, farin ƙarfe ya bayyana a ciki, wato alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ko da tsantsar jan ƙarfe ce, waya mai wannan kauri a tafiya da dawowa na mita 28 tana ƙara kusan om 1 a kan hanya, ta alminiyon kuwa ta fi haka. Aka sayi ta jan ƙarfe mai milimita murabba'i 1.5, wadda a wannan tsawo ba ta wuce sulusin om ba.

Kujerar maigidan tana mita 3.2 daga talabijin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce sifikokin gaba su buɗe digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, na baya kuma su tsaya wajen digiri 110, wato gefe da ɗan komawa baya. Ƙofar shiga ta hana a kai 30, sai aka ajiye kowace mita 1.5 daga tsakiyar talabijin, abin da ya ba da kusan digiri 25. Tun da babu makirufon saiti, da tef ɗin awo aka auna nisan kowace sifika zuwa kan kujerar aka shigar da lambobin: tsakiya mita 3.2, hagu da dama 3.5, na baya 2.1 da 2.4. Sauti na cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa a kowace mita, kuma da waɗannan lambobi risiba ke jinkirta na kusa domin duka su iso kunne tare. Aka sa dukkan sifikokin a matsayin ƙanana, aka tsayar da iyakar sauti mai kauri a 80Hz domin abin da ke ƙasa da haka ya tafi wufa. Ƙarfin kowace aka daidaita da sautin gwaji da manhajar awon ƙara ta wayar hannu, sannan aka ƙara wa ta tsakiya desibel 3 saboda maigidan. An kuma shimfiɗa kafet tsakanin kujera da talabijin, domin tayil na mayar da amo yana cakuɗa magana.

A wajen gwajin ne muka lura cewa sautin gaba ba shi da nauyi, kuma kamar ba shi da mazauni. Na cire wayar sifikar hagu daga risiba, na ɗora bakinta biyu a kan batirin rediyo mai bolt 1.5, jan waya a kan mai alamar tarawa. Maimakon fatar sifikar ta turo waje, sai ta shige ciki. An juya wayoyin ne a bayan sifikar ranar da aka matsar da ita, don haka tana ja a lokacin da 'yar'uwarta ke turawa. Gyaran bai ɗauki minti biyu ba.

Da aka jona wufar a soket ɗin da ke ɗaya bangon, sai wani gurnani mara yankewa ya taso, irin na wutar 50Hz, ko da an rage murya zuwa sifili. Muka riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma da aka kwance wayar dish daga bayan dikoda ya ɗauke ɗif. Dish ɗin yana ɗaure a jikin ƙarfen tankin ruwa da ke kafe a ƙasa, wufar kuma tana da nata haɗi da ƙasa ta ƙafa ta uku ta fulogi. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu ya sa 'yar wuta ke zagayawa daga dish zuwa dikoda, zuwa talabijin, ta HDMI zuwa risiba, har wufa.

An kawo shawarar karya ƙafa ta uku ta fulogin wufar. Ban yarda ba, domin wannan ƙafa ita ce ke kare mutum idan wuta ta zubo a jikin na'ura, kuma gida ne mai jikoki da ke rarrafe a falo. An mayar da wufar kan layin soket ɗaya da sauran kayan, gurnanin ya ragu da kusan rabi a kunne. An sayo wani ɗan abin raba ƙasa da ake sa wa wayar eriya, gurnanin ya tafi amma siginar dish ta tafi tare da shi, saboda dikoda na aika bolt 13 ko 18 ta cikin wannan waya zuwa kan dish, abin kuma ya tare ta. A haka aka kalli wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu, wanda Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1, da wufar a kashe.

Ranar 17 ga Fabrairu aka cire wayar HDMI da ke tsakanin talabijin da risiba gaba ɗaya, aka maye gurbinta da wayar oftikal mai mita 1.5. Wannan waya haske take ɗauka, babu ƙarfe a cikinta da wuta za ta bi, saboda haka zagayen ya yanke kuma gurnanin ya ɓace. Ba ta kuma buƙatar wata gaisuwa, da zarar na'urorin sun tashi sauti ya zo. Abin da ya rage a tabbatar shi ne ko talabijin zai wuce da Dolby Digital na dikoda da akwatin intanet ta wannan hanya, domin wasu talabijin layi biyu kawai suke fitarwa daga abin da ya shigo musu ta HDMI. Wannan ya wuce da shi. An lura murya na ɗan riga leɓe, aka sa jinkirin kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa a risiba. Daga baya mai aikin wuta ya zo ya haɗa jikin wayar dish da wayar ƙasa ta gidan.

Maris zuwa Afrilu 2024: zafi

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, kallon tafsiri ya koma da rana da kuma bayan tarawihi. Ranar 24 ga Maris da misalin ƙarfe 3 na rana risibar ta kashe kanta, karo na farko tun Janairu, washegari ma ta maimaita. Wuta na nan daidai, wayoyi ba su motsa ba. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 37 a falo, 52 a cikin kabad. An gano cewa wajen share-sharen tarbar azumi an mayar da dikoda bisa risiba ta toshe ramukan iska, an kuma rufe ƙofar gilashin saboda ƙura. Da aka buɗe murfin na'urar, ƙurar hunturu ta yi kauri a kan faifan sanyaya ta kamar an barbaɗa gari.

Aka hure ƙurar, aka fitar da taransifoma da sitabilaiza daga kabad zuwa ƙasa a gefe, kafinta ya cire katakon baya na sashen risibar, ya ɗaga shiryayyen sama har aka sami sarari na santimita 15. Zafin wurin ya sauko zuwa digiri 41 a rana irin waccan. Har aka yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu ba ta sake mutuwa ba.

Sakamako da hukunci

A ganina risibar ba ta taɓa yin laifi ba bayan gyaran Nuwamba. Duk mutuwar da ta yi kariya ce, kuma sabubba huɗu ne mabambanta suka riƙa fitowa da alama iri ɗaya: ƙarancin wuta, sifikoki masu om 3, silin waya da ya zame, da zafi. Wannan ne ya sa gyare-gyaren Disamba suka ci kuɗi ba tare da amfani ba, domin ana neman sababi ɗaya ne a inda uku suka taru, kuma ana gwada na'urar a shagon da babu ko ɗaya daga cikinsu. Ƙin da maigidan ya yi na a cire sashen kariya shi ne ya ceci na'urar, domin da an cire shi, da sifikokin nan biyar sun ƙona ta tun kafin a kai ga awo.

Na kuma yi kuskure a nawa ɓangaren. Na riƙe ARC har wata guda saboda shi ne sabon tsari kuma yana ba da damar rimot ɗaya, alhali ƙidayar mako na farko ta riga ta nuna cewa bai dace da gidan da wuta ke sauyawa sau da yawa a rana ba. Ga wannan risiba, wadda ba ta san sabon tsarin sauti na Dolby Atmos ba kuma ba ta da eARC, ingantaccen samfurin ARC da ya zo tare da HDMI 2.1 a 2017, wayar oftikal ba ta rage wani abu da kunne zai rasa ba. Buƙatar maigidan ta asali kuwa tun ranar 14 ga Janairu ta biya, da sifikar tsakiya da saitin da ke kai mata murya, kafin a sayi wufa ko na baya.

Abubuwa biyu sun rage. Rimot ɗin talabijin ba ya ƙara muryar risiba, don haka biyu ake riƙewa, kuma an naɗa wa na risibar jan tef domin a bambance su. Sannan taransifomar cikinta an ƙera ta ne domin 60Hz, a kan 50Hz tana ɗan fin ɗumi, abin da taransifomar rage wuta ba ta iya sauyawa, don haka an tsayar da hure mata ƙura sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da ƙarshen damina. A ziyarata ta ƙarshe ranar 25 ga Mayu, takardar da ɗan maigidan ke rubutu a kai ta nuna sauyin wuta sau 63 tun daga Salla, kuma a kowanne sauti ya dawo da kansa.